Ɗakin da Na Gina Aka Hana Ni Ƙofarsa

A shekarar da aka yi rikicin nan tsakanin mutanen Fagge da na Sabon Gari, cikin watan azumi, ina ɗinki a shagon wani tsohon tela a Fagge. A shagon nake yini, a nan kuma nake kwana, in shimfiɗa tabarma tsakanin kekuna biyu bayan an rufe. Matata da 'yarmu ƙarama suna ƙauye a gidan mahaifinta. Ba zan ba da labarin rikicin ba, waɗanda suka ga abin da ya fi nawa sun riga sun bayar. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Abin da ya shafe ni shi ne abin da ya biyo baya. Hausawan da ke haya a Sabon Gari suka ɗaure kayansu suka tsallako Fagge, masu gidajen Fagge kuwa suka ga kasuwa ta zo musu har zaure. Ɗakin da a da ake ba mutum ya zauna don kawai ya riƙa share ƙofar gida, sai ga shi ana cinikinsa kamar ana cinikin doki.

Da kaka ta yi, surukina ya kawo gyaɗa Kano, ya biyo ta shagon. Ya zauna, aka kawo ruwa ya sha, ya dubi tabarmata a naɗe a kusurwa.

Ya ce, "A nan kake kwana?"

Na ce, "A nan ne, Baba."

"Ita fa in ta zo, ƙarƙashin keken za ka sa ta?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce shi ba abincin da take ci ne ya dame shi ba, hatsi Allah ya hore. Abin da ya ishe shi shi ne tambayar mutane, kullum a ce 'yarka na da aure ko ba ta da shi. Ya ce ya ba ni zuwa babbar Salla. In Salla ta wuce ban zo na ɗauki iyalina ba, zai kai maganar gaban alƙali a raba, kowa ya huta. Na san mutumin, ba ya faɗin magana sau biyu.

Na kama wani dillalin gidaje, gajere mai fara'a, wanda ba ya taka ƙafa sai an sa masa goro a aljihu. Ya zagaya da ni Fagge lungu lungu har Kwaciri. Ya nuna mini ɗakin da bangonsa ɗaya da masai. Ya nuna mini wani wanda jaki ya tashi daga ciki bai daɗe ba, turken ma yana nan a tsakiya. Da na nuna masa turken sai ya ce, "Wannan kyauta ne, Malam, ba a sa shi cikin kuɗin ba." Kuɗin kuwa da aka faɗa mini na ɗakin jakin, in na biya shi ba abin da zai rage na cefane.

Akwai wani kafinta a Sabon Gari, Ibo ne Kirista, shi ke gyara mana teburan keke. Ya daɗe a Kano har Hausa ta zauna a bakinsa. Tun bayan rikicin mutanenmu ba sa son tsallakawa can, amma teburin maigidana ya karye ƙafa, dole na ɗauka na kai. Muna hira na gaya masa halin da nake ciki. Ya ajiye zarto ya ja ni bayan shagonsa, wani dogon gida mai rufin kwano, ɗakuna suna kallon juna, famfo a tsakar gida, kicin ɗaya na kowa da kowa.

Ya ce, "Malam tela, tun da 'yan'uwanka suka gudu ɗakunan nan ba kowa sai ƙadangaru. Mai gidan zai ba ka da araha, ya ma gode maka."

Na ce, "Matata ba ta fita."

Ya ce, "Sai in buga mata katako a bakin ƙofa, kada kowa ya gan ta. Matata ma ta huta da hirar ƙadangaru."

Kuɗin da ya faɗa ina iya biya ba tare da na yi bashi ba. A duk yawon da na yi, shi ne ɗaki guda da ya yi daidai da aljihuna. Na aika wa surukina saƙo ta hannun wani direban mota. Amsa ta dawo a taƙaice, wai in Sabon Gari ne, 'yarsa ta ci gaba da zama inda take.

Ana nan sai dillali ya zo mini yana murna, wai ya samo mini abin da ko ɗan'uwansa bai samo wa ba. Ya kai ni gidan wani attajirin fata, mutum mai jiki da farin gemu, wanda ba a rasa shi a sahun farko. A can ƙarshen gidansa akwai wani soro da rufinsa ya rufta tun daminar da ta gabata. Ƙofar ɗakin tana cikin gida, inda matansa suke, amma bangonsa na baya yana bakin wani lungu. Attajirin da kansa ya zagaya da ni lungun, mu biyu, ya daki bangon da tafin hannu ya ce, "Nan za a huda maka ƙofa, a toshe ta cikin. Ka shiga ka fita abinka, ba ruwanka da gidana, ba ruwan gidana da kai."

Muka dawo zaure. Aka kira ladanin unguwa ya zama shaida, ga dillali. Attajirin ya faɗi sharaɗi: in gyara ɗakin da kuɗina da ƙarfina, ya zama nawa damina uku ba haya, bayan nan mu sake magana. Aka fasa goro, aka shafa fatiha. Ba wanda ya ambaci ƙofa a zauren. Ni ban ga abin ambata ba. Wa zai ba mutum ɗaki a gidan kulle ba tare da hanyar shiga ba?

Na nemo magini. Ranar farko ya ɗauki diga zai fara da ƙofar lungu, don a riƙa shigo da ƙasa ta nan. Attajirin ya tare shi, ya ce a bar wannan sai ƙarshe, ba zai bar gidansa ya kwana a buɗe ba alhali ba a kafa ƙyaure ba. Magana ce mai kama hankali, na ma ga kamun kansa a ciki. Don haka kullum da safe sai mu tsaya a zaure a yi mana iso, wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce mata su kauce maza za su shigo, mu wuce kanmu a ƙasa, mu yi aiki, mu fito yadda muka shiga.

Ranin nan duka a wannan ɗakin na ƙarar da shi. Kuɗin lebura ba ni da shi, don haka ni ne leburan. Ni na bi masu jakai zuwa kududdufi, ni na kwaɓa ƙasa da ƙafafuna har duga-dugaina suka tsage, in zo taka keke da yamma jini na ɓata mini takalmi. Maigidana tela ya yi ta mita, ya ce ya ɗauki mai ɗinki an musanya masa da mai tubali. Azarar da ke ɗakin duk gara ta cinye, sai da na sayar da babbar rigar da na yi aure da ita na sayi sabuwa. Muka ɗora rufi, muka yi yaɓe, muka shafe bango da makuba don kada ruwa ya ci shi, muka kafa indararo yana zuba cikin lungu. Kafinta ya yi mini ƙyaure na katako mai kauri, ya ce in an huda ƙofa in aiko ya zo ya kafa da hannunsa, don bai yarda da idon magina ba.

Ranar da aka gama, na sami attajirin a zaure yana duba fatu. Na gaishe shi, na ce gobe magini zai zo ya huda ƙofa.

Ya ce, "Wace ƙofa?"

Na ce, "Ta lungu, ranka ya daɗe."

Ya juya wata fata, ya shinshina, ya ajiye. Ya ce ya sake tunani. Gida mai ƙofa biyu ba gida ba ne, kasuwa ce. Ubansa bai huda bangon nan ba, shi ma ba zai huda ba. Ya ce in ɓarawo ya shigo ta nan, ni zan biya shi?

Na ce, "To ta ina zan shiga?"

Ya ce, "Ɗaki naka ne, Malam, an shafa fatiha, ni ba na tayar da fatiha. Kawo iyalinka yau ma in ka so, mata za su riƙe ta kamar 'yarsu. Amma ka san gidana namiji baligi ba ya wuce zauren nan."

"Matata tana ciki, ni ina waje?"

Ya yi dariya har gemunsa na rawa. Ya ce, "Sai ka riƙa zuwa zance. Ga zaure, a aika ta fito, ku tuna da."

Na taɓa jin fushi kafin wannan rana, na kuma ji bayanta, amma ban taɓa jin irin na ran nan ba. Na yi ta'awizi a zuci, na tashi na fita ban yi sallama ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da tsoron Allah ya yi mini wannan aiki. Kullen da muke girmamawa, wanda saboda shi na bar ɗaki mai araha a Sabon Gari, shi ya ɗauka ya tare mini hanya da shi, kuma duk wanda ya ji sai ya ce ai gaskiyarsa, ba a shiga gidan mutum.

Na je wajen dillali. Ya ce shi abin da kunnensa ya ji a zaure shi zai faɗa ko a gaban alƙali, kuma bai ji ƙofa ba. Na je wajen ladan, mutumin kirki ne, ya ce wallahi shi ma bai ji ba, ba zai yi shaidar abin da bai ji ba. Ban ga laifinsa ba. Mai unguwa ya saurare ni yana gyangyaɗi, ya ce in yi haƙuri, manya ba a matsa musu, wataƙila ya sauko da kansa. Ba a yi mako ba attajirin ya aiko dillali ya gaya mini, tunda ban sa kowa a ɗakin ba tukuna, zai ɗan ajiye fatu a ciki kada ɗaki ya zauna banza ga damina tafe. Da idona na ga jakai suna shiga da su. A lokacin na gane tun farko rumbun fata yake so, ya rasa mai gina masa a kyauta sai ni.

Haka na yi azumin shekarar nan. Ina roƙon Allah ya karɓa, don bakina ya kame amma zuciyata ba ta kame ba. Da ƙaramar Salla na je ƙauye. Surukina ya amsa gaisuwata bai tambaye ni komai ba, wanda ya fi tambaya zafi. Matata kuwa na tarar ta ɗaure tasoshinta da ƙorai tun lokacin da na aika cewa an ɗora rufi, a haka suke a jingine, kullum sai ta kwance ta ɗauki abin da za ta yi aiki da shi ta sake ɗaurewa.

Ta ce, "Malam, an ce ɗaki ya gamu."

Na ce, "Ya gamu."

Ta ce, "To me ya rage?"

Na ce, "Ƙofa."

Ta dube ni ta ga ba wasa nake ba.

Ruwa ya sauka. Wata rana hadari ya kama ni a hanya, na fake a lungun nan, indararon da na kafa yana zubar da ruwa a gaban ƙafata, fatun attajiri suna ciki a bushe. Na lissafa abin da ya rage kafin babbar Salla na ga bai kai na sake tara ko kuɗin ɗakin jaki ba.

Sai labari ya bazu a unguwa cewa attajirin zai tafi Makka, kuma a jirgin sama. A lokacin ba kowa ya taɓa hawa ba. An ce tun da ya biya kuɗin kujera bai ƙara cin abinci ya ƙoshi ba, duk jirgin da ya wuce ta saman Fagge sai ya ɗaga kai ya bi shi da kallo yana salati. Yaransa na shago suna yi masa kirari da Alhajin gobe, shi kuwa ba ya dariya.

Al'adarmu ce mai tafiya aikin hajji ya nemi gafarar mutane kafin ya tashi, don ba ya sanin ko zai dawo, kuma kowa ya san haƙƙin bawa ba a yafe shi sai mai shi ya yafe. Wata rana bayan sallar La'asar a masallacin unguwa, attajirin ya miƙe. Ya yi godiya ga Allah, ya ce tafiya ta zo, shi ɗan Adam ne, duk wanda ya saɓa wa da saninsa ko ba da saninsa ba ya dubi Allah ya yafe masa. Muryarsa ta karye, ya share ido da bakin rawani. Masallaci ya ɗauka gaba ɗaya, mun yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Haka ake yi, ba wanda ke tsayawa ya duba ko yana da abin yafewa.

Na bari muryoyi suka kwanta, sannan na ce daga sahun baya, "Ni ban yafe ba."

Ban ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. Kawuna suka juyo. Wani tsoho kusa da ni ya ja mini riga ya ce, "Haba yaro, ba a yin haka." Dillali ya ce, "Tela, masallaci ne fa." Na ce na san masallaci ne, shi ya sa ba zan faɗi abin da ba ya cikin zuciyata ba. Liman ya tambaye ni mene ne tsakanina da shi. Na faɗa a taƙaice, tun daga dukan bango a lungu har zuwa fatun da aka zuba a ɗakin. Na ce ba ni da shaida a kan ƙofar, mu biyu ne a lungun sai Allah, kuma wajensa za shi.

Attajirin ya ce, "Malam liman, yaron nan yana son ya tozarta ni."

Liman ya ce, "Kai ka tambaya, shi ya amsa. Ba zan iya sa shi ya yafe ba, kai ma ba za ka iya ba." Ya shafa addu'a aka tashi.

Washegari dillali ya zo shago da ƙullin kuɗi, wai kuɗin azara da na magini, har da ɗan ƙari na wahala, in karɓa in ce na yafe. Maigidana tela ya zungure ni da gwiwar hannu. Na ce a mayar masa. Kuɗin nan ba zai sama mini ɗaki kafin Salla ba, kuma ba kuɗi nake bin sa ba. Dillali ya ce, "Kai dai taurin kai zai kashe ka." Na ce, "Ni a ƙasa nake, a gaya wa mai hawa sama."

Attajirin ya sake aiko ladan, ya sake aiko ƙaninsa. Kowa na ba shi amsa ɗaya. Mutane da yawa a unguwa suka daina amsa gaisuwata yadda suka saba, wasu suka janye ɗinkinsu, wai na kunyata dattijo. Ba wanda ya ce dattijo ya kunyata kansa. Har yau in na tuna wannan sai raina ya ɓaci.

Tafiyarsa ta rage 'yan kwanaki sai ga magini ya zo shago da digarsa a kafaɗa, ya ce an aiko shi. Muka je lungun. Aka fito da fatu ta cikin gida, magini ya huda bango daidai inda aka taɓa dukansa, ya toshe ƙofar ciki da tubali. Na aika Sabon Gari, kafinta ya zo da ƙyauren a kan keke. Mutanen lungu suka tsaya suna kallonsa, shi kuwa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya ya kama aikinsa. Da ya gama ya leƙa ciki ya toshe hanci ya ce, "Malam tela, ƙadangaruna sun fi wannan ƙamshi." Gaskiya ya faɗa. Warin fata bai bar ɗakin nan ba sai da damina ta wuce, duk turaren da matata ta ƙona.

Attajirin yana tsaye a bakin lungu tun da aka fara. Da aka kafa ƙyaure ya matso ya ce, "To, ga ƙofa."

Na ce, "Na gani. Saura mai shiga."

A ranar na hau mota zuwa ƙauye. Surukina yana gona, aka kira shi. Na ce na zo ɗaukar iyalina. Ya tambaye ni a wace unguwa, na ce Fagge. Ya tambaye ni ko ɗakin na da rufi, na ce ni na ɗora shi. Ya ce a shirya su. Ba wani shiri da ya rage, kaya a ɗaure suke.

Muka iso Kano ana yayyafi. Matata ta shiga ta ƙofar lungu da 'yar a bayanta, na bi ta da kaya, na rufe ƙyaure da hannuna. Da gari ya waye, ranar da za a kai attajirin filin jirgi, na je zaurensa. Ya cika da masu rakiya, yana zaune a tsakiya fuskarsa ta faɗa. Da ya gan ni ya sa aka ba ni hanya. Na durƙusa na gaishe shi yadda ake gaida babba.

Na ce, "Iyalina sun kwana a ɗakin. Abin da nake bin ka ka biya. Na yafe."

Ya ce, "Har cikin zuciya?"

Na ce, "Haƙƙin ka tambaya, shi na yafe. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya."

Ya ce amin, ya miƙo hannu, na ba shi nawa. Na fito na tafi shago, ɗinkin Salla na jirana.